Ngaundare Saboda Saniya Ɗaya

Tun da na dawo ba ni da sakat a majalisarmu ta ƙofar masallaci. Wannan ya ce, "Alhaji Buba, yaya Kamaru?" Wancan ya ce, "Wai da gaske saboda saniya ka tsallake iyaka?" Nakan ce lafiya lau, in ja bakina, domin labarin ba ya faɗuwa tsakanin la'asar da magariba, kuma akwai wuraren da in na zo kansu muryata ba ta fita daidai. Shi ya sa na ga gara in rubuta, mai so ya karanta, a bar ni in huta.

Da gaske ne, saboda saniya na tafi.

Sunanta Wule, ja ce mai farin goshi. Daga tsatson saniyar da mai ɗakina ta zo da ita take, ranar da aka kawo ta Karaye daga Ruwan Bago. Shekara arba'in da 'yan kai muka yi tare, kuma a yawancinsu ba na gida. Na yi fataucin goro zuwa Gana, na yi na shanu daga Cadi, na zauna Sudan, na bi manyan motoci har Burkina. Na tsinci Faransanci a tasha, Larabci a kasuwa, Turanci a bakin iyakoki, ban da Hausa da Fulatanci da na tashi da su. Ita kuwa iyakarta Kano, sai Makka sau ɗaya. Garken ya yi ta raguwa da hidimar yara har ya koma Wule kaɗai. Shekara uku ke nan da mai ɗakina ta rasu, Allah ya ji ƙanta. Yara kowa yana gidansa. Daga ni sai saniyar.

Na ce zan iya tatsa da kaina. Haihuwarta ta farko a hannuna ta zo a tsakiyar damina. Wata safiya na taɓa hantsarta na ji zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Nono ɗaya na baya ya kumbura ya yi tauri, abin da ke fita gudaji-gudaji ne da ruwa-ruwa, daga baya har da jini. Malamin dabbobi ya zo ya yi allura, zazzaɓin ya sauka, amma nonon nan ya mutu. Ya ƙanƙance kamar busasshiyar kuɓewa. Saura uku. Malamin ya ce in wani ya sake tafiya, ko maraƙinta da ƙyar za ta riƙe.

Bana ta sake ɗaukar ciki, kuma lissafi ya nuna a damina za ta haihu. Babban ɗana da ke Kano ya ce, "Baba, a sayar da ita tun tana da jiki, ka huta." Mahaucin unguwarmu, Ɗanliti, ya fara tsawaita gaisuwa a ƙofar gidana. Sai ya gama tambayar gida da gajiya, sannan ya leƙa ta kan danga ya ce, "Alhaji, yaya mutuniyar?" Na san in nono na biyu ya mutu ba ni da sauran abin da zan ce musu.

Ana cikin haka na buga wa Alhaji Hamadu waya. Abokin fataucina ne, mutumin Ngaundare, mun kwana ƙarƙashin mota ɗaya a ƙasashe uku. Na ba shi labari. Ya yi dariyarsa mai ƙarfi ya ce, "Buba, kai dai ka tsufa a banza. Zo ka ga abin da 'yata Aisatu take yi wa shanunmu. An daɗe rabon da nono ya mutu a garkenmu. Ba zan faɗa maka ta waya ba, in na faɗa ba za ka zo ba." Na ce sai na yi shuka. Muka yi sallama a kan haka.

Bayan shuka na ɗauki a-kori-kura, muka lallaɓa Wule muka kai ta Ruwan Bago, wurin Hansai ƙanwar mai ɗakina. Hansai ta haura sittin amma bakinta bai tsufa ba. Ta dubi saniyar, ta dube ni, ta ce, "Alhajin yawo, ƙafar ce ta motsa kuma? Yaya ta yi fama, yanzu saniyarta ce za ta yi jiranka."

Na ce, "Magani zan nemo mata."

"A Kamaru? Duk shanun Rogo da Karaye da me suke rayuwa? Je ka, amma ka duba hantsar nan, ta fara cika. Ba ta wuce mako uku."

A tashar Kano, kafin motar Yola ta tashi, aka miƙo takardar da fasinja ke rubuta sunansa da lambar wanda za a kira in wani abu ya faru. Na rubuta sunana, na rubuta lamba ba tare da tunani ba. Sai da na miƙa wa na kusa da ni na ga lambar mai ɗakina ce. Ita kaɗai na haddace. Ban karɓo takardar na gyara ba. Na ce a raina, in wani abu ya faru ai gara ita ta fara ji.

Hanyar Yola wuni guda ce cur. Kusa da ni wata malamar asibiti ce da ke komawa bakin aiki, ta ba ni dafaffen ƙwai a Gombe, ta tambaye ni ko wurin 'ya'ya zan je. Na ce wurin aboki. Ta ce, "Baba, a shekarunka har kana da abokin da za ka yi wa wannan tafiya? Allah ya bar ku." Daga nan ta sa abin sauraro a kunne, ban ƙara jin muryarta ba har Jimeta. Da can a mota ake ƙulla abota, kafin a kai zango an san sunan garin kowa da abin da ya fito da shi. Yanzu mutum goma sha takwas, kowa da wayarsa.

Na sauka a wani masauki kusa da tasha. Ɗaki ne mai gado biyu, mai masaukin ya ce shi kaɗai ya rage. Na ɗora jakata a kan ɗaya gadon don kada ya zauna fayau.

Washegari muka bi ta Gurin. Ma'aikacin iyaka na ɓangaren Kamaru saurayi ne mai fara'a. Da ya ji na amsa masa da Faransanci sai ya gyara zama. Ya juya katin rigakafina gaba da baya ya ce, "Baba, katin nan ya girme ni." Na ce, "Shi ya sa za ka girmama shi." Ya yi dariya ya buga hatimi. Tun kafin nan kuwa, a wurin shiga kwalekwalen tsallake kogi, ƙafata ta zame a laka, takalmina na dama ya bi ruwa, muna kallonsa yana tafiya abinsa. Haka na shiga ƙasar mutane da ƙafa ɗaya a takalmi. Abin da na samu a rumfar farko silifas ne na roba, shuɗi shar, irin na shiga banɗaki. Da su na yi sauran tafiyar, ƙarƙashin babbar riga.

A Garwa na kwana biyu ina jiran ciwon ƙugu ya lafa. Abin da ya fi ba ni mamaki, ko da yake na san shi tun da, shi ne harshe. A nan gida Bafulatani ne ke ajiye Fulatancinsa ya yi ciniki da Hausa, har jikokinmu ba sa jin ko gaisuwa. A can kuwa kowa da kowa, Musulmi da Kirista, mai kifi da mai gyaran babur, da Fulatanci suke ciniki. Na yi kwana biyu ina magana da harshen da rabona da shi tun ranar da na rasa abokiyar yinsa. Bakina ya yi nauyi da farko, sannan ya saki.

Abincin safe burodi ne dogo kamar sanda, a tsaga shi a zuba wake da mai. Ɓawonsa ya kusa raba ni da haƙorin gaba, sai da matar da ke sayar da shayin ta tausaya ta ce, "Baba, tsoma shi." Da rana tuwon masara da miyar yakuwa, ta fi tamu tsami, sun fi mu sakin hannu da nama. Shiga mota ma daban: ba turereniya, ana kiran sunan kowa daga takarda kamar 'yan makaranta, wanda aka kira ya shiga ya zauna.

A kasuwar Garwa na yi abin kunya. Duk tafiyar da na taɓa yi, ba na komawa gida sai da turmin atamfa. Ƙafata ta kai ni layin masu atamfa da kanta. Na zaɓi wata koriya mai ganye-ganye, har mai rumfar ya naɗe, ya ce, "Hajiya za ta ji daɗi." Sai a lokacin na tuna. Ban iya cewa ya mayar ba. Na karɓa na sa a ƙasan jaka.

Daga Garwa mota ta yi ta hawan dutse har kunnuwana suka toshe. Ngaundare gari ne mai sanyi da jar ƙasa, ciyawa har gwiwa. Na shirya wa Hamadu maganganu na shekara uku. Na tanadi tsiyar da zan yi masa, na tanadi wadda zai yi mini a kan silifas.

Aisatu ce ta tare ni a zaure, mace mai kamar shekara arba'in. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta daɗe ba ta ɗago ba. Ta ce, "Baffa, ba mu san kana hanya ba, da mun gaya maka. Kwana ashirin ke nan Baba ya faɗi. Ɓarin jikinsa ya shanye."

Yana kwance a kan katifa, an jingina shi da matashi. Ya gane ni, idonsa ya nuna. Bakinsa ya karkace, ya yi ta ƙoƙari, abin da ya fito kalma ɗaya ce: "Jam." Wato lafiya. Aisatu ta ce ita kaɗai ta rage masa, da ita yake neman ruwa, da ita yake cewa a'a. Na zauna a gefensa. Harshe biyar a bakina, na rasa wanda zan ɗauko. Can sai ya dubi ƙafata, ya ga silifas, kafaɗarsa mai lafiya ta fara girgiza. Dariya yake yi. Na ce, "Yi abinka, ai dama na san ba za ka bar ni ba."

Aka ba ni ɗakin baƙi, aka kawo kindirmo mai kauri da dambu. Na ci ni kaɗai. Da na yi wa Aisatu bayanin abin da ya kawo ni, ta ce, "Ya faɗa mini kafin ya kwanta. Ya ce in Buba ya zo ki nuna masa kofi. Gobe bayan asuba sai mu tafi."

Garken yana bayan gari, shanu kamar ashirin, da rumfar kwano da daɓen siminti. Aisatu ta sa takalmin ruwa, ita da mata biyu da ke taya ta. Abin da na fara lura da shi, babu maraƙi ko ɗaya kusa. Suna can a wani shinge, a bokiti ake ba su madara. Na ce, "Yaya saniya za ta sakar muku nono ba ta ga ɗanta ba?" Ta ce sun saba tun haihuwar fari. Raina dai bai so ba.

Kowace mace ta wanke hannu da sabulu. Kowace saniya da ƙyallenta na goge hantsa, ba a haɗawa. Kafin a sa bokiti, sai a tatso zubi biyu uku a kan wani baƙin faranti a duba. Aisatu ta ce a kan baƙi ake ganin gudaji tun ciwon bai fito fili ba. Akwai wata saniya da aka ɗaura wa jan tsumma a wutsiya, ita ce ta ƙarshe, kuma madararta ba ta shiga cikin ta sauran.

Sannan kofin. Ɗan ƙaramin abu ne na roba, gindinsa kamar kwalba, bakinsa kamar kofin shayi. In an matsa gindin, wani ruwa mai launin goro ya hau sama. Da an gama tatsar saniya, nan take, sai a tsoma kowane nono a ciki har kusan gindinsa, ɗaya bayan ɗaya, a bar shi yana ɗiga, ba a gogewa.

Na ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baffa."

"Na bar takalmina a kogi saboda wannan?"

Ta yi dariya, ta kama nonon wata saniya ta juyo mini bakinsa. Ta ce, "Duba nan. Ƙofa ce. In ana tatsa tana buɗewa, kuma ba ta rufewa nan da nan, takan ɗauki kamar rabin awa ko fi. Duk abin da ke hannun mai tatsa, ko a fatar nonon, ko a ƙasa, ta nan yake shiga. Ruwan nan aidin ne da aka haɗa musamman don nono, da abin da ke hana fata tsagewa. Kada ka ɗauko na ciwo ka zuba, zai ƙona ta. Yana kashe abin da ke bakin ƙofar kafin ya shiga. Amma ba ya warkar da wanda ya riga ya shiga, wannan sai likita. Kuma kullum ne, safe da yamma. Abin da ya rage a bakin kofin a zubar, a wanke kofin."

Ina ta gyaɗa kai kamar ɗalibi. Sai na ga matan nan sun ɗauko buhun dusa suna zubawa a kwami, bayan an gama tatsa gaba ɗaya. Na ce, "'Yata, nan kam kun yi kuskure. Ai kafin tatsa ake ba saniya dusa, ta tsaya cak, a gama da wuri."

Ta ce, "A'a, Baffa, da gangan ne. In ta ci kafin tatsa, da an sake ta sai ta kwanta tuƙa. Ƙofa a buɗe, ta ɗora ta a kan kashi da laka. In abincin yana gabanta kuwa, dole ta tsaya har ƙofar ta rufe. Tsayuwar nan rabin maganin ce."

Ban ji abin da ta faɗa bayan wannan ba.

Shekara arba'in, duk safiyar da nake gida, in mai ɗakina ta gama tatsa ba ta shigowa. Sai ta ɗauko wani tsohon kwano da dusa, ta ajiye gaban saniya, ta tsaya tana sosa mata wuya tana yi mata magana ƙasa-ƙasa. In saniyar ta nemi durƙusawa sai ta daki cinyarta ta ce tashi. Ni kuma ina zaure ina ƙwala kira: "Wai kokon nan sai azahar? Hira da saniya ta fi mijinki?" Takan ce, "Ina zuwa." Ba ta taɓa cewa komai bayan wannan ba. Na ɗauka shiririta ce irin ta mata da dabbobinsu. Da tatsa ta dawo hannuna, sai na ga na fi ta dabara: dusa tun farko, in tatse, in shige ɗaki. Ina juya baya Wule ke kwanciya a turke, cikin caɓin damina.

Da muka koma gida na zauna wurin Hamadu. Shi kaɗai na faɗa wa, sai yau da nake rubutawa. Na ce, "Hamadu, ni na kashe nonon nan. Matar nan ta san abin da take yi, ni kuwa ina yi mata ihu a kan koko. Na zaga ƙasa bakwai ina tambayar mutane al'adunsu, ban taɓa fita tsakar gidana na tambaye ta me take yi ba." Ya daɗe yana kallona. Ya miƙo hannunsa mai lafiya ya riƙe nawa. Ya ce, "Jam." Ban san wacce yake nufi ba a cikin jam ɗinsa, amma na karɓa.

Kwana huɗu na yi. Kullum in bi Aisatu garke da safe, in wuni wurin mahaifinta, ni ina ba da labarin tafiye-tafiyenmu, shi yana gyara mini da ido in na ƙara gishiri. Ranar tafiya ta ba ni kofi ɗaya da jarka ƙarama ta maganin. Na yi wa Hamadu sallama, na ce sai na sake zuwa. Mu biyun mun san yadda maganar take.

A dawowa, tsakanin kogi da bakin hanya, babur na hau. Jarkar tana cikin jaka a cinyata. Muka faɗa wani rami, ban san murfin ya tsage ba sai da na ji sanyi a ƙafa. Kafin mu tsaya ta tsiyaye tas. Farar rigata ta koma kamar ta mahauci. Ɗan acaɓar ya juyo ya gan ni, ya yi salati, ya ce, "Baba, ina ka ji ciwo?" Na zauna a bakin hanya, na ciro kayan ɗaya bayan ɗaya. Kofin lafiyarsa ƙalau. Atamfar ma, da yake tana cikin leda, ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Na iso Kano raina a ɓace. Na shiga wani shagon magungunan dabbobi ba don ina sa rai ba, na nuna wa mai shagon kofin, na ce ko ya taɓa ganin irinsa. Ya hau kujera, ya sauko da jarka daga saman kanta, ya goge ta da hannun riga. Ya ce, "Ga ruwansa. Masu manyan gonaki ne kawai ke tambaya. Alhaji, daga ina ka samo kofin?" Na ce, "Daga nan kusa."

Ban tsaya Karaye ba, na wuce Rogo, na hau babur zuwa Ruwan Bago. Hansai tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta dubi rigar, wadda wanki bai fitar da tabon ba, ta dubi silifas, ta ce, "Ikon Allah. Yaƙi aka yi a Kamarun?" Sannan ta nuna bayan ɗaki da haɓa. "Shekaranjiya ta sauka. Mace."

Wule tana tsaye, 'yar maraƙa ja tana tangaɗi a gindinta. Na taɓa hantsar. Ɗumi ne na lafiya, ba zafi ba.

Da aka kwana biyu maraƙar ta sha dakashinta, wato nonon farko, na ce yau zan nuna musu aikin Ngaundare. Matan gidan suka taru. Na wanke hannu da sabulu, na goge hantsa, aka saki maraƙa ta ja kaɗan don nono ya sauko, aka janye ta, na tatsa. Na ɗauko kofi na tsoma nono uku, ɗaya bayan ɗaya, yadda aka koya mini, na miƙe ina jin kaina. Ai kuwa sai Hansai ta saki maraƙar, kamar yadda kowa ke yi a ƙasar nan in an gama tatsa, don ta sha rabonta. Kafin in ce wani abu ta kama nono, ta lashe maganin tas, ta yamutsa fuska, ta koma na biyu.

Matan suka fashe da dariya. Hansai har da riƙe ciki. Ta ce, "Alhajin yawo, maganin na uwar ne ko na 'yar?"

Na ce, "A can ba sa barin maraƙi ya sha a jiki."

"To nan ba can ba ne. Wule ba za ta ba ka ko cokali ba in ba ta ga 'yarta ba. Kai da ka iya harsuna, ba sai ka jira ta gama sha a ɗaure ta, sannan ka tsoma ba?"

Haka muka yi da yamma, kuma haka nake yi har yau. Da na tsoma, na je na ɗebo dusa na ajiye mata. Na tsaya. Hansai ta daina dariya. Ta zo ta tsaya kusa da ni, ta ce, "Wa ya gaya maka wannan?"

Na ce, "Kin san shi?"

"Innarmu ce ta koya mana, ni da Yaya. Saniyar da aka tatsa ba ta kwanciya sai nononta ya bushe. Dalili kuwa ba mu tambaya ba. Har yau haka nake yi in na tatsa."

"Hansai, shekara uku ina tatsa. Me ya hana ki gaya mini?"

"Na ɗauka ka sani. Shekara arba'in ana yi a gabanka."

Na shiga ɗaki na ɗauko atamfar na miƙa mata. Ta buɗe ledar, ta shafa, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wannan ai launin Yaya ne." Na ce, "Shi ne." Ta naɗe ta a hankali ta shige ɗaki, ba ta yi mini tsiya ba har na bar garin.

Na dawo da Wule da 'yarta Karaye. Na sa an zuba yashi a turken, ina kwashe kashi kullum. Damina ta yi ƙarfi bana, akwai makon da rana ba ta fito sosai ba, kuma duk safiya sai gabana ya faɗi kafin in taɓa hantsar. Ina tatsa zubin farko a kan murfin wata baƙar tukunya in duba. Yanzu an yi girbin gero, an fara cirar gyaɗa. Nono uku ne, kuma ukun suna nan. Ko kofin ne, ko tsayuwar, ko yashin, ban sani ba, ban kuma yarda in bar ɗaya don in gane ba. Ɗana ya daina maganar sayarwa. Ɗanliti ya leƙo rannan ya ce yaya mutuniyar, na ba shi kindirmo a kwano na ce ta gaishe shi.

Aisatu takan kira ni ranar Juma'a, ta kara wa mahaifinta wayar a kunne. In gaya masa lafiyar saniya, shi kuma ya faɗi kalmarsa.

Masu cewa ina makara zuwa majalisa da yamma, ga inda nake tsayawa. Rabin awa yana da tsawo in mutum yana tsaye shi kaɗai kusa da saniya. Kwanakin farko ban san abin da zan yi da bakina ba. Ban san me mai ɗakina take gaya mata ba, kuma babu wanda zan tambaya. Sai na fara ba ta labarin tafiyar nan, tun daga takardar tashar Kano, da Fulatanci, ina sosa mata wuya. Ta riga ku ji. In na ga tana neman durƙusawa kafin lokaci, sai in daki cinyarta in ce tashi. Babu mai kirana daga zaure.